Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Abin da Gandhi Ya Gano Game da Mulkin Turawa

Da sanyin safiyar 6 ga Afrilu 1930, wani dattijo ɗan shekara 60, ramamme, da ɗan zane ɗaure a ƙugu, ya sunkuya a gaɓar teku a ƙauyen Dandi da ke yammacin Indiya, ya damƙo laka mai gishiri ya ɗaga sama. Iyakar laifin da ya yi ke nan. Dokar gishiri ta 1882 ta ce hukuma kaɗai ke da ikon haɗa gishiri da sayar da shi, ta kuma ɗora masa haraji. Matar da ke zaune a bakin teku, wadda rana ke busar mata da gishiri a ƙofar ɗaki, in ta kwasa ta zuba a miya ta karya doka. Kwana 24 Mohandas Gandhi ya yi yana tafe a ƙasa daga Sabarmati, kusa da Ahmedabad, tafiyar kilomita kusan 385, shi da almajirai 78, don kawai ya zo ya karya wannan doka a bainar jama'a.

Lokacin da ya ce a kan gishiri za a ja daga, har manyan jam'iyyarsa sai da suka kalli juna. A ƙarshen Disamba 1929, a taron Lahore, jam'iyyar Congress ta ce ba ta karɓar komai sai cikakken 'yanci. Yanzu kuma jagora ya ɓige da zancen kayan miya? Babban Gwamnan Indiya, Lord Irwin, ya rubuta wa Landan cewa batun gishirin nan ba ya hana shi barci. Shekarar ba ta ƙare ba sai da mutum sama da 60,000 suka shiga kurkuku, kuma a watan Maris 1931 Irwin ɗin nan ne ya zauna da Gandhi suka ƙulla yarjejeniya kamar tsara da tsara.

Mutane da yawa in sun ji an ce gwagwarmayar lumana sai su ɗauka haƙurin dole ne, irin na wanda ba shi da yadda zai yi, ko kuwa roƙon azzalumi ya ji tausayi. Wanda ya bi diddigin yadda aka yi ta a Indiya zai tarar lissafi ne, kuma lissafin ya fara ne daga ƙirga kawuna. Ƙasar tana da mutum fiye da miliyan 300. Manyan jami'an mulki, takwarorin Razdan da Di'o a wajenmu, ba su wuce 1,200 ba. Sojojin da suke Turawa kimanin 60,000 ne. Kusan duk sauran Indiyawa ne: ɗan sanda, akawu, mai karɓar haraji, dagaci, direban jirgin ƙasa, ma'aikacin gidan waya, gandiroba, da mafi yawan soja. Kusan kashi biyu cikin biyar na ƙasar ma sarakunan gargajiya sama da 560 ke riƙe da shi, kowanne da Baturen da ke kallon bakinsa. Tsarin ba baƙo ba ne a wurinmu, domin Lugard da ya shimfiɗa irinsa a Arewa a Madras aka haife shi. A wani ɗan littafi da Gandhi ya rubuta a 1909 ya faɗa wa 'yan'uwansa magana mai ɗaci: Ingilishi ba su ƙwace Indiya ba, mu muka miƙa musu, kuma mu ke riƙe da su. Bahaushe ya riga shi faɗa, da ɗan gari akan ci gari. To, idan 'yan garin suka janye hannu fa?

A Afirka ta Kudu ya fara gwada abin. Ya je can a 1893 yana matashin lauya, ya shekara 21. A watan Satumba 1906, da gwamnatin Transvaal ta ce kowane Ba'indiye ya je a dangwala yatsunsa ya riƙa yawo da takardar shaida, Indiyawan Johannesburg suka taru suka yi rantsuwa ba za su bi ba, kuma duk hukuncin da ya biyo baya sun ɗauka. Sunan da aka raɗa wa hanyar shi ne satyagraha, wato riƙo da gaskiya gam-gam. Sharuɗɗanta ba wuya a baki: ka karya dokar zalunci a fili da sunanka, ka sanar tun kafin ka yi, in an zo kama ka kada ka gudu, in an doke ka kada ka rama. Mu 'yan Afirka akwai abin da ba za mu tsallake ba a nan. Gandhin wancan lokaci don Indiyawa kaɗai yake faɗa, kuma rubuce-rubucensa na farko akwai rainin baƙar fata a ciki ƙarara. Wannan ne ya sa a Disamba 2018 aka ɗauke mutum-mutuminsa daga harabar Jami'ar Ghana da ke Legon. Dabarar dai ta fi mai ita faɗi, tunda Nkrumah da kansa ya are ta a Janairu 1950.

Da ya koma gida a 1915 bai fara da zancen 'yanci ba. A 1917 ya tafi Champaran a Bihar, inda Turawa masu gonaki ke tilasta wa manoma shuka baba, wannan dai da marina ke yin shuni da shi, a kashi 3 cikin 20 na gonarsu, su kuma saye a farashin da suka ga dama. Hukuma ta ce ya bar gundumar. Ya ƙi, ya tsaya gaban alƙali ya ce ya aikata, a yanke masa hukunci. Aka rasa yadda za a yi da mai laifin da ke neman a ɗaure shi, aka janye ƙarar. Shi da abokansa suka zauna suna rubuta koken dubban manoma, har aka soke tsarin a 1918.

Har zuwa nan Gandhi mai biyayya ne ga Sarkin Ingila; a 1918 ma yawo ya yi yana nemo wa Turawa sojoji. Shekarar 1919 ce ta raba su. Indiyawa fiye da miliyan ɗaya sun yi wa Birtaniya hidima a yaƙin duniya na farko suna jiran tukuici, sai ga dokar Rowlatt, wadda ta ba hukuma damar tsare mutum ba shari'a. Ranar 13 ga Afrilu, a wani fili da gidaje suka kewaye a Amritsar, Jallianwala Bagh, Janar Reginald Dyer ya tare mashiga da soja ya sa aka buɗe wa taron jama'a wuta ba gargaɗi, harsashi 1,650 cikin kimanin minti 10. Hukuma ta ce mutum 379 suka mutu, Congress ta ce sun kai 1,000. Abin da ya ƙara ƙona ran Indiyawa shi ne majalisar dattawan Birtaniya ta goyi bayan Dyer, wata jarida kuma ta tara masa gudummawar fam 26,000. A kuma lura da wannan: yatsun da suka danna kunamar bindiga ran nan ba na Turawa ba ne.

A 1920 aka shiga ƙin ba da haɗin kai. Lauyoyi su bar kotunan Turawa, ɗalibai su bar makarantun gwamnati, masu lambar girma su mayar, kowa ya daina sa yadin Ingila. Motilal Nehru da C. R. Das, lauyoyin da ke cikin waɗanda suka fi kowa samu, suka rufe ofis. Gandhi ya ɗaura wannan da fushin Musulmin Indiya kan yadda aka yayyaga daular Turkiyya aka wulaƙanta halifan Istanbul bayan yaƙi, ya haɗa kai da wa da ƙanen nan, Shaukat Ali da Muhammad Ali. Ba a sake ganin Hindu da Musulmi sun tsaya sahu ɗaya kamar a waɗannan shekaru biyu ba. Batun yadi kuwa ba wasa ba ne. Audugar Indiya ake kwasa a kai masaƙun Lancashire a Ingila, a dawo da ita yadi a sayar wa mai ita. Sai Gandhi ya ce kowa ya koma kaɗi, ya sa saƙin hannu, wanda su can suke kira khadi. Har sunan ya yi kama da namu, ko da yake dacewa ce kawai. Kuɗin yadin waje da ake shigowa da shi ya faɗo daga rupi miliyan 1,020 a shekarar 1920 zuwa 1921, ya koma miliyan 570 a wadda ta biyo. Kaɗin ya kuma ba tsohuwa a ƙauye aikin yi a cikin gwagwarmayar, ya sa lauya da ɗan dako tufa ɗaya. Aka mayar da kuɗin rajistar jam'iyya rubu'in rupi a shekara, Congress ta tashi daga zauren 'yan boko masu rubuta takardar koke ta koma jam'iyyar talakawa.

Ana cikin haka, a farkon Fabrairu 1922, 'yan sanda suka harbe masu zanga-zanga uku a wani gari mai suna Chauri Chaura. Jama'a suka kora su cikin caji ofis, suka cinna masa wuta, 'yan sanda 22 suka mutu. Gandhi ya tsayar da gwagwarmayar a duk faɗin ƙasa. Shugabannin da ke kurkuku suka fusata. Jawaharlal Nehru, ɗan Motilal, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Indiya na farko, ya kasa gane yadda laifin ƙauye ɗaya zai sa a karya gwiwar ƙasa guda, Subhas Chandra Bose, wani matashin jigo a Congress, shi ma bai yarda da wannan mataki ba. Har yau ana gardama a kai. Gandhi dai dalilinsa na addini ne kafin komai, ya ɗauki rashin cutarwa farilla a kansa. Amma ko an ajiye addini gefe, akwai dabara a ciki. Duk ƙarfin hanyar ya dogara ne ga sa hukuma a halin gaba kura baya siyaki: in ta ƙyale ka, dokarta ta zama abin wasa, in ta doke ka alhali hannunka ba ko tsinke, ta tona wa kanta asiri a gaban duniya da kuma gaban ma'aikatanta. Dutse ɗaya da aka jefa ya fitar da ita daga wannan tarko, ya mayar da faɗan fagen da ta fi kowa ƙwarewa. Bayan Chauri Chaura an yanke wa mutum 172 hukuncin kisa, daga baya aka rataye 19, kuma ba wanda ya ji kunyar yin haka.

Yadda tarkon ke aiki ya fito fili a ma'aikatar gishiri ta Dharasana ranar 21 ga Mayu 1930. Gandhi na tsare a lokacin, marubuciyar waƙoƙi Sarojini Naidu ce ta ja ragamar mutum kimanin 2,500. Rukuni-rukuni suke matsawa wajen shingen waya, 'yan sanda na rafka musu sanduna masu bakin ƙarfe a ka, ba wanda ya ko ɗaga hannu ya kare kansa. In rukuni ya zube, a kwashe su, wani ya matso. Wani ɗan jaridar Amurka, Webb Miller, ya ƙirga mutum 320 da suka ji rauni a rumfar jinya, biyu sun mutu. Aka yi ƙoƙarin riƙe labarinsa a gidan waya, amma ya fita, jaridu sama da 1,000 suka buga. Ba a karɓe ma'aikatar ba, ko buhun gishiri ɗaya ba a fitar ba. Abin da Birtaniya ta yi asara ran nan shi ne da'awarta cewa wayewa ta kawo wa Indiya.

Amma a wurina, abin da ya faru a Peshawar wata ɗaya kafin nan ya fi Dharasana nauyi, kuma ba a cika ba da labarinsa ba. A can arewa maso yamma, wajen iyakar Afghanistan, Pashtunawa ke zaune, Musulmi, mutanen da ramuwar gayya ke cikin dokar al'adarsu, waɗanda bindiga take kamar sandar kiwo a hannunsu. A 1929 wani ɗan babban gida, Khan Abdul Ghaffar Khan, ya kafa ƙungiyar Khudai Khidmatgar, wato masu yi wa Allah hidima. Suna da jajayen riguna, suna fareti, suna da muƙamai irin na soja, amma ba makami, kuma kowa sai ya rantse ba zai rama ba ko da an zalunce shi. Ba daga littattafan Hindu ya ɗauko hujjarsa ba. Ya ce musu makamin da zai ba su makamin Manzon Allah ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wato haƙuri da tsayuwa kan gaskiya irin na zaman Makka. A ganiyarta ƙungiyar ta kai mutum kimanin 100,000.

Ranar 23 ga Afrilu 1930 aka kama shi da wasu shugabanni. Jama'a suka taru a kasuwar Qissa Khwani, motocin sulke suka kutsa cikinsu suka take mutane. An yi jifa, an ƙone mota ɗaya, sannan soja suka yi ta harbi. Hukuma ta ce kimanin 20 suka mutu, mutanen gari suka ce ɗaruruwa ne. Sai ga abin da Turawa suka fi tsoro: rukuni biyu na sojojin Garhwal, Hindu 'yan tsauni, aka umarce su da su fuskanci Musulmin da ba su da makami, suka ƙi. Aka karɓe bindigoginsu, kotun soja ta yi musu ɗauri mai tsawo, kuma har zuwa 4 ga Mayu birnin bai koma hannun hukuma ba. Duk lissafin Gandhi a nan ya taru. Sandar da ake dukan Indiya da ita a hannun Ba'indiye take, kuma mai riƙe da ita ya fi saurin sakinta in wanda ke gabansa ba ya neman ransa.

Wanda ya karanta yarjejeniyar Gandhi da Irwin ta 5 ga Maris 1931 zai ce an sha wahalar banza. An saki fursunonin da ba su yi tashin hankali ba, an bar mutanen bakin teku su haɗa gishirin da za su ci, shi ke nan. Harajin gishiri ya zauna daram har jajibirin 'yanci. Sojojin Garhwal ba su shiga afuwar ba. Kwana 18 bayan sa hannu aka rataye Bhagat Singh, matashin da ya zaɓi bindiga, wanda matasa ke ƙauna kamar ransu. Taron Landan da Gandhi ya halarta a ƙarshen shekarar ya watse ba sakamako, kuma a Janairu 1932 sabon Babban Gwamna, Willingdon, ya haramta Congress ya murƙushe ta ba sani ba sabo. Sai dai Winston Churchill ya fi masu murna da masu ƙorafi gane abin da ya faru. Ya ce abin ƙyama ne a ga wannan faƙiri, rabinsa tsirara, yana hawa matakalar fadar wakilin Sarki don su yi magana a matsayi ɗaya. Ya san in aka yi haka sau ɗaya, kwarjini ya zube. Nehru ya taɓa rubuta cewa babban abin da Gandhi ya yi musu shi ne yaye musu tsoro: tsoron ɗan sanda, tsoron kurkuku, tsoron mai ƙasa. Shiga gidan yari ya tashi daga abin kunya ya koma lambar girma, har ga dubban matan da a da ko ƙofar gida ba sa leƙawa. Da aka yi zaɓen larduna a 1937, Congress ta kafa gwamnati a mafi yawan larduna 11. Ɗan sandan da ya daki mutum a 1930 ya wayi gari yana sara masa a matsayin minista, kuma daga ranar kowane ma'aikaci ya fara tunanin wa zai yi wa aiki nan da shekara goma.

Akwai maganar da ake yawan yi, wai hanyar ta ci ne don Turawan Ingila masu kunya ne. Mutanen Amritsar ba za su yarda ba, mu ma haka. A shekarar da aka ƙirƙiro satyagraha, 1906, Turawan Ingilan nan ne suka share ƙauyen Satiru kusa da Sakkwato, suka kashe mutum kimanin 2,000. Abin da ya bambanta Indiya ta 1930 shi ne tsada. Akwai jaridu da wayar tangaraho, akwai majalisa a Landan da 'yan adawa a cikinta, akwai Amurka tana kallo, kuma uwa-uba ba za a iya tafiyar da ƙasar ba sai da yardar miliyoyin ma'aikata 'yan ƙasa. Inda mai mulki ba ya buƙatar yardar kowa kuma ba ya shakkar idon kowa, labarin kan canza. Bayan an harbe mutum 69 a Sharpeville ta Afirka ta Kudu a 1960, Mandela da abokansa, waɗanda suka yi shekaru a kan turbar lumana, sun ɗauki makami. Shi kuwa Gandhi, shawarar da ya ba Yahudawan Jamus a 1938 cewa su fuskanci Hitila da satyagraha tana cikin maganganunsa da ko masoyansa ba sa son a tuna.

Yadda Turawan suka tafi ma bai yi kama da zanen da ake yi wa yara ba. A 1939 Babban Gwamna Linlithgow ya jefa Indiya yaƙi bai shawarci kowa ba, ministocin Congress suka ajiye aiki. Ranar 8 ga Agusta 1942 a Bombai jam'iyyar ta ce wa Turawa su fice daga Indiya, washegari aka kwashe shugabannin kaf. Da jama'a suka rasa mai tsawata musu, suka tuge layin dogo, suka yanke wayoyi, suka ƙone tashoshi da caji ofis. Linlithgow ya ce tun babban boren da Indiyawa suka yi wa Turawa a 1857 ba a ga tawaye irinsa ba, aka murƙushe shi da bataliya sama da 50, har da harbi daga jirgin sama. A 1943 yunwa ta kashe kimanin mutum miliyan 3 a Bengal, a ƙarƙashin gwamnatin da ke cewa don jin daɗin talaka take zaune. Kafin yaƙin, Birtaniya ke bin Indiya bashi. Da aka gama, Indiya ke bin Birtaniya kusan fam miliyan 1,300. Bose kuma ya gudu ya haɗa kai da Japan, ya tara runduna daga fursunonin yaƙi Indiyawa. A fagen fama ba ta yi abin kirki ba, amma da aka gurfanar da hafsoshinta uku a Delhi a Nuwamba 1945, Musulmi da Hindu da Sikh, ƙasar ta ɗauki zafi har babban kwamandan soja ya sake su. A Fabrairu 1946 sojojin ruwa kimanin 20,000 suka yi bore, aka fara daga Bombai ya bazu zuwa jirage 78. Gandhi ya yi tir da su, Patel na Congress da Jinnah, jagoran jam'iyyar Muslim League, suka lallashe su suka miƙa wuya, amma Landan ta riga ta ji saƙon. Gwamnatin Firayim Ministan Birtaniya Attlee ba ta da kuɗi, ba ta da sojan da za ta sake cin Indiya da yaƙi.

Wasu kan kafa hujja da wannan su ce Hitila da Bose da sojojin ruwa ne suka kori Turawa, Gandhi ya ɗauki yabo. Suna kuma nuna Sri Lanka, wadda ta samu 'yanci a 1948 ba tare da wani gagarumin yunƙuri ba. Akwai gaskiya a ciki: yaƙin ne ya sa ranar. Sai dai ni ina ganin boren sojojin ruwan ma janye hannu ne, irin wanda aka yi shekara 25 ana koya wa ƙasar. Sojan da ya girma yana ganin an ɗaure kawunsa don ya dafa gishiri, ba zai kalli tutar Ingila kamar yadda ubansa ya kalle ta ba. Sannan akwai tambayar wa aka miƙa wa ƙasar. Indiya ta faɗa hannun jam'iyyar farar hula mai reshe a ƙauyuka, wadda ta saba da taro da ƙuri'a da gardama, ba hannun janar da ya ci yaƙi ba. A 1951 zuwa 1952 ta yi zaɓen da mutum miliyan 173 suka cancanci jefa ƙuri'a, kuma har yau soja bai taɓa karɓar mulki a can ba.

Inda hanyar ta gaza shi ne cikin gida. A 1932, da Turawa suka yarda a ba 'yan ƙasƙantattun dangi, waɗanda ake ƙyamar ko taɓa su, damar zaɓen wakilansu daban, Gandhi ya shiga azumin sai mutuwa daga kurkuku. Jagoransu, Dakta B. R. Ambedkar, ya san in tsohon ya mutu mutanensa za a far wa, sai ya haƙura ya sa hannu a yarjejeniyar Poona. An ninka musu kujeru, amma ya mutu yana ganin tilasta masa aka yi. Azumin da ke girgiza mai iko, in aka juya shi kan mai rauni, wani abu ne daban. Musulmi da yawa kuma ba su saki jiki da siyasar da aka lulluɓe da kalmomin addinin Hindu ba. Muhammad Ali Jinnah ya bar Congress tun 1920, ƙawancen halifanci ya mutu da Turkiyya ta soke halifancin a 1924, kuma shekaru ukun da shugabannin Congress suka yi a tsare bayan 1942 sun bar wa jam'iyyar Muslim League fili. A zaɓen ƙarshen 1945 ta lashe dukan kujeru 30 na Musulmi a majalisar tarayya. Turawa sun hura wutar rarrabuwar tun da suka raba rajistar zaɓe bisa addini a 1909, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga kashe-kashen Kalkata na Agusta 1946 zuwa raba ƙasar gida biyu, Indiya da Pakistan, a Agusta 1947 da watannin da suka biyo, mutum kimanin miliyan 15 sun bar gidajensu, waɗanda aka kashe kuwa ƙiyasi ya kama daga dubu ɗaruruwa zuwa miliyan ɗaya.

Gandhi da bakinsa ya ce a 1947 ya yaudari kansa: abin da Indiyawa suka yi shekara 30 suna yi turjiyar mai rauni ce, wanda ya ajiye makami don ba shi da shi, ba don zuciyarsa ta bar ƙiyayya ba. Ranar 15 ga Agusta ba ya Delhi wajen biki. Yana Kalkata, a wani tsohon gida a unguwar da aka yi ta zubar da jini, yana azumi yana kaɗi. Da rikici ya sake tashi a farkon Satumba ya daina cin abinci, cikin kwana huɗu 'yan daba suka riƙa zuwa suna zube makamai a gabansa. Babban Gwamna Mountbatten ya rubuta masa cewa a Punjab suna da soja 55,000 ga tarzoma ta ƙi ƙarewa, a Bengal kuwa rundunarsu mutum ɗaya ce kuma an zauna lafiya. Ranar 30 ga Janairu 1948, Nathuram Godse, Hindu ɗan'uwansa, ya harbe shi a hanyarsa ta zuwa wurin addu'a, don yana ganin ya cika tausaya wa Musulmi.

Ghaffar Khan ya ƙi yarda da rabuwar har ƙarshe. Da Congress ta amince da ita ba ta shawarce shi ba, ya ce musu sun jefa mutanensa ga kuraye. Lardinsa ya faɗa Pakistan. A 1948 sabuwar gwamnati ta kama shi, ta haramta ƙungiyarsa, a watan Agusta kuma 'yan sanda suka buɗe wa jajayen riguna wuta a Babrra, wannan karon da umarnin Musulmi 'yan'uwansu. Ya sake kwashe shekaru masu yawa tsakanin kurkuku da ɗaurin talala da gudun hijira. Ya rasu a Peshawar ranar 20 ga Janairu 1988 yana da shekara 97, ya bar wasiyya a binne shi a Jalalabad. Ana tsakiyar yaƙin Afghanistan a lokacin, aka tsagaita wuta don dubban masu rakiya su ƙetare mashigar Khyber da gawarsa. Ana cikin jana'izar bama-bamai biyu suka tashi, mutum 15 suka mutu.